Manhaja, littafi, rediyo ko malami: ina mai koyon sabon harshe zai zuba kuɗinsa da lokacinsa?

Wanda ya yi niyyar koyon Faransanci, Larabci, Jamusanci ko Sinanci a yau ba zai rasa kayan karatu ba. Yawansu ne ma zai rikita shi. Ga manhajoji a waya, ga malamai a intanet, ga littattafai da shirye-shiryen rediyo, kowanne yana cewa shi ne hanya. Kuɗi ƙayyadadde ne, lokaci kuwa ya fi shi ƙaranci. Shi ma malamin da ke gaban aji yana cikin wannan tsaka-mai-wuya: me zai sa ɗalibai su yi a minti 40, me kuma zai ce su yi a gida?

Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan aiki ɗaya ko biyu ya iya, kuma yawancin asarar da masu koyo ke yi tana zuwa ne daga ɗora wa kaya aikin da ba nasa ba. Don haka kafin a duba su ɗaya bayan ɗaya, a fara sanin girman aikin da kuma abin da za a auna su da shi.

Girman aikin da ma'aunin zaɓi

Cibiyar FSI, wadda ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna, ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, sannan kusan awa 2,200 ga Larabci, Sinanci, Japananci da Koriyanci. Lissafin na masu Turanci ne, kuma harshen da ya yi kusa da wanda ka riga ka sani yakan fi saurin shiga. Duk da haka adadin yana da amfani. Minti 10 a kullum awa 60 ne da ɗoriya a shekara. Wanda ya dogara da wannan kaɗai zai kwashe kusan shekara 10 kafin ya cika awa 600. Duk tallan da ya yi maka alƙawarin ƙwarewa cikin 'yan makonni, wannan lissafin ya isa ka auna shi.

Ma'auni na farko shi ne aikin da kayan ke yi. Paul Nation, masanin koyar da harsuna a jami'ar Victoria da ke Wellington, ya raba koyon harshe gida huɗu, ya ce a ba kowane gida lokaci kusan daidai: sauraro da karatu don fahimtar saƙo, magana da rubutu don isar da saƙo, nazarin kalmomi da nahawu da furuci kai tsaye, sai kuma maimaita abin da aka riga aka sani har harshe ya saki. Da wannan rabon zan duba kowane zaɓi. Sauran ma'aunan su ne kuɗi (har da data, da kuma ko biyan sau ɗaya ne ko na wata-wata), ɗorewa (me zai rage a hannunka ranar da ka daina biya ko intanet ta yanke), sauƙin farawa da ci gaba, sai haɗari. Haɗarin da na fi tsoro ba ma na kuɗi ba ne. Shi ne mutum ya shekara yana ganin yana ci gaba, sai ranar da aka yi masa magana ya kasa mayar da jimla ɗaya.

Manhajojin darasi

Duolingo, wadda Luis von Ahn da Severin Hacker suka buɗe wa jama'a a 2012, ita ce ta fi shahara. Ana amfani da ita kyauta tare da talla, akwai kuma tsarin biya. Babbel ta birnin Berlin ta biya ce, kuma ta fi tsayawa ta yi bayanin nahawu. Rosetta Stone, wadda ta samo asali tun 1992, tana haɗa hoto da kalma ba tare da fassara ba.

A wajen sauƙi babu kamarsu. Ka sauke, ka fara, su tuna maka kullum. Ga wanda bai taɓa jin harshen ba, watannin farko a manhaja suna da amfani na gaske: kunne ya saba da sauti, ido ya saba da haruffa, a tara 'yan ɗaruruwan kalmomi. Sai dai kusan duk aikinsu a gida na uku yake, wato nazarin kalmomi da nahawu da furuci. Zaɓen amsa daga cikin huɗu ko jera kalmomin da aka riga aka ba ka ya fi ƙirƙiro jimla daga kanka sauƙi nesa ba kusa ba. Darussan ma ba ɗaya suke ba: na manyan harsunan Turai sun fi tsawo da inganci, wasu harsunan kuwa kwas ɗinsu gajere ne. Kuma yawanci ta Turanci ko wani babban harshe ake koyarwa, don haka wanda bai ƙware a harshen bayanin ba yana fama da abu biyu a lokaci guda. Ɗorewarsu kaɗan ce, domin darussan na kamfani ne, yana iya sauya tsarinsu duk ranar da ya so. Babban haɗarin shi ne lissafin kwanakin da ka jera ba fashi ya zama shi ne burin, ka riƙa yin darasi mafi sauƙi don kada lissafin ya yanke.

Katunan maimaitawa

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa. Maganinta shi ne a dawo wa abu daf da lokacin da za a manta shi, a kuma riƙa tsawaita tazarar. Sebastian Leitner ya mayar da wannan tsarin akwati a 1972: kati yana da tambaya a gaba da amsa a baya, wanda ka ci ya matsa zuwa gidan da ake jinkirta dubawa, wanda ka faɗi ya koma gidan farko. Manhajar Anki, da Damien Elmes ya fitar a 2006, ita ke yi maka wannan lissafin. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, ana sayen ta iPhone, tana aiki ba intanet, kuma katunan naka ne, kana iya kwashe su zuwa wata na'ura. Wanda ba ya son waya, takarda da almakashi da kwali sun ishe shi.

Don riƙe kalmomi, ban san abin da ya fi wannan araha da inganci ba. Amma farawa da ita ba daɗi, kuma tana hukunta mai fashi: katunan da ka tsallake suna taruwa su jira ka. Anki tana zuwa da saitin sababbin kati 20 a rana, wanda ya yi wa mai aiki yawa. 8 ko 10 sun fi ɗorewa. Ka kuma rubuta naka katunan daga abin da ka ji ko ka karanta, da cikakkiyar jimla, maimakon sauke tarin da wani ya haɗa. Kalmar da aka haddace ita kaɗai takan ƙi fitowa a lokacin hira.

Sauraro da karatu mai sauƙi

Nan ne ya kamata kaso mai tsoka na awoyin koyo ya tafi, kuma nan ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Stephen Krashen ya shahara da ra'ayin cewa harshe yana shiga ne ta hanyar jin saƙon da ake fahimta, wanda ya ɗara matakin mai koyo kaɗan. Ba lallai ka yarda da duk abin da ya faɗa ba kafin ka ga gaskiyar wannan ɓangaren. Sharaɗin shi ne fahimta. Binciken Nation ya nuna cewa don karatu ya tafi ba tare da taimako ba, ana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50, kuma karanta jarida ko littafin labari na Turanci a haka yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Shi ya sa sabon ɗalibin da ya ɗauki jarida da ƙamus yake gajiya a sakin layi na biyu. Ba laifinsa ba ne, kayan ne suka fi ƙarfinsa.

Abin da ya dace da shi an daɗe da tanadarsa. Muryar Amurka ta fara labarai da Turanci mai sauƙi tun 1959, da kalmomi kusan 1,500 da karatu a hankali. BBC tana da sashen koyon Turanci. RFI tana da labaran duniya na minti 10 cikin Faransanci mai sauƙi, tare da rubutun abin da aka faɗa. DW tana da darussan Jamusanci kyauta tun daga matakin farko, NHK kuma tana wallafa labarai da Japananci mai sauƙi. A ɓangaren takarda, maɗaba'un Oxford da Cambridge da wasunsu suna buga ƙananan littattafan labari da aka tsara mataki-mataki bisa yawan kalmomi. Sauti ba ya cin data kamar bidiyo, ana sauke shi a ajiye, ana jinsa a hanya ko a bakin aiki. Darussan sauti na Pimsleur, masu minti 30 kowanne, sun ɗan bambanta domin suna sa ka amsa da baki. Suna gyara furuci sosai, amma suna da tsada, kalmominsu kaɗan ne, kuma ba su ba rubutu muhimmanci ba.

Iyakar wannan hanyar ita ce wadda Merrill Swain ta nuna a 1985. Ta duba yaran Kanada da suka shekara da shekaru ana koya musu darussan makaranta da Faransanci. Fahimtarsu ta yi kyau ƙwarai, amma nahawunsu a magana da rubutu ya kasa kamo na 'yan asalin harshen. Sai mutum ya buɗe baki ya nemi kalma ya rasa sannan yake gane inda giɓinsa yake.

Littafin darasi

Shi ne ya fi kowa ɗorewa. Sau ɗaya ake saye, ba ya buƙatar caji, ana iya samun na hannu, mutum biyu ko uku su yi amfani da shi. Yana kuma ba da abin da manhaja ba ta cika bayarwa ba, wato tsari da bayani. Yawancin na zamani suna bin ma'aunin ƙwarewar harshe na CEFR da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, don haka kana sanin inda kake. Tsofaffin darussan FSI ma suna nan a intanet kyauta, cike da atisayen maimaitawa, sai dai harshensu da misalansu na shekarun baya ne. Sharaɗi ɗaya: kada ka sayi littafin da ba shi da sauti ko amsoshin atisaye idan kai kaɗai za ka yi karatu. Furucin da aka koya daga haruffa kawai yana da wuyar gyarawa daga baya.

Malami: aji ko kai da shi

Cibiyoyin al'adu irin su Alliance Française (1883), British Council (1934), Goethe-Institut (1951) da Instituto Cervantes (1991) suna da horarrun malamai da tsararrun darussa, kuma da yawansu a nan ake zana jarrabawar shaida. Kuɗinsu ya fi na sauran zaɓuɓɓuka, kuma dole ka daidaita lokacinka da nasu. Amfanin aji shi ne yana ɗaure ka: akwai ranar zuwa, akwai aikin gida, akwai abokan tafiya. Rauninsa lissafi ne. Ɗalibai 12 a awa ɗaya, in mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, minti 5 kowa zai samu, kafin ma a cire na malami.

Dandamali irin su italki da Preply suna haɗa ka da malami kai da shi ta bidiyo. Kowane malami shi ke yanka farashinsa, don haka tazarar tana da faɗi, kuma yawanci akwai darasin gwaji. Wannan ce hanyar da ta fi cike gida na biyu, wato magana da rubutu don isar da saƙo, kuma in kuɗinka ɗaya ne tak da za ka kashe, ni nan zan ce ka kai shi. Amma zama ɗan asalin harshe ba ya mayar da mutum malami. A darasin gwaji ka lura da abu uku: wa ya fi yin magana tsakaninku, ko yana rubuta kurakuranka ya dawo da su a ƙarshe, da kuma ko ya tambaye ka dalilin da ya sa kake koyo. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Kada ka biya darussa masu yawa gaba ɗaya kafin ka gwada mutum biyu ko uku. Sannan bidiyo yana son intanet mai ƙarfi, wannan ma kuɗi ne.

Musayar harshe da ƙirƙirarriyar basira

Tandem da HelloTalk suna haɗa ka da wanda ke jin harshen da kake nema, shi kuma yana neman naka. Kyauta ne a matakin farko, kuma a nan ake jin yadda mutane ke magana da gaske. Sai dai abokin musaya ba ya iya bayanin dalili, yana iya ɓacewa ba sallama, kuma in ba a raba lokaci biyu ba, harshen da kuka fi iyawa ne zai cinye hirar. Akwai kuma 'yan damfara da masu neman abin da ba karatu ba. Kada a tura kuɗi ko bayanan sirri, kuma ba wurin barin yara su kaɗai ba ne.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, mutane da yawa suna hira da na'ura don atisaye. Ba ta gajiya, ba a jin kunyarta, tana iya sauƙaƙa maka rubutu zuwa matakinka. Amma tana yin kuskure cikin cikakkiyar natsuwa, musamman a harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba, kuma sabon ɗalibi ba shi da yadda zai gane. Ka rubuta da kanka tukuna, sannan ka nemi gyara. In ita ta rubuta maka, ita ta yi atisayen.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Manhajar darasi | Kyauta ko biyan wata | Kaɗan | Sosai | Ganin ana ci gaba alhali baki bai buɗe ba |
| Katunan maimaitawa | Kusan kyauta | Sosai | Farawa da wuya | Taruwar kati, haddar da ba amfani |
| Sauraro da karatu | Kyauta zuwa kaɗan | Sosai in an sauke | Matsakaici | Zaɓen abin da ya fi ƙarfi |
| Littafin darasi | Biya sau ɗaya | Mafi ɗorewa | Yana son horon kai | Gurɓataccen furuci |
| Aji a cibiya | Mai yawa | Ilimi da shaida | Lokaci a ɗaure | Ƙarancin damar magana |
| Malami kai da shi | Ya danganta da malami | Ya danganta da kai | Sosai | Malamin da bai ƙware ba |
| Musayar harshe | Kyauta | Kaɗan | Matsakaici | Damfara, rashin gyara |
| Ƙirƙirarriyar basira | Kyauta ko biyan wata | Kaɗan | Sosai | Kuskuren da ba a ganewa |

Ga malamin aji

Malami ma zaɓi yake yi, kuma kuɗin da yake kashewa shi ne lokacin shiri. Tun da ɗalibai za su iya yin kati da sauraro a gida, lokacin aji ya fi dacewa da abin da ba ya yiwuwa sai da mutane.

Ga sababbin shiga da yara, hanyar James Asher ta shekarun 1960 har yanzu tana aiki: malami ya ba da umarni, "tashi", "taɓa ƙofa", "ba ta littafin", ɗalibai su amsa da jiki kafin a nemi su yi magana. Ba ta buƙatar komai, tana ɗaukar babban aji, amma tana ƙarewa da wuri domin ba kowace ma'ana ake nunawa da motsi ba. Aikin giɓin bayani, wanda N. S. Prabhu ya yi amfani da irinsa a Bangalore daga 1979 zuwa 1984, ya fi ta nisa. A ba ɗalibi ɗaya rabin jadawali ko taswira, ɗayan a ba shi sauran rabin, dole su tambayi juna kafin su kammala. Kowa yana magana a lokaci guda, matsalar minti 5 ta kau. Kuɗinsa shiri ne da hayaniya, haɗarinsa kuma su koma harshen gida ko su leƙa takardar juna, don haka a zaunar da su baya da baya. Akwai shiftar sake gini da Ruth Wajnryb ta yaɗa a 1990: malami ya karanta gajeren rubutu sau biyu da saurin magana, ɗalibai su kama 'yan kalmomi, sannan su haɗu rukuni su sake gina shi, a kwatanta da na asali. Ita na fi so ga matsakaitan ɗalibai, domin gardamar da suke yi kan wace siga ce daidai ta fi dogon bayanin nahawu a allo zama a kai. Don sakin harshe kuwa akwai 4/3/2: ɗalibi ya ba da labari ɗaya ga mutum uku, minti 4, sannan 3, sannan 2. Agogo kawai ake buƙata.

Wanne ga wa

Wanda bai fara ba kuma bai tabbatar zai ɗore ba, ya fara da manhaja kyauta na wata biyu ko uku. In ya ga yana komawa kullum, ya ƙara littafi mai sauti, ya rage wa manhajar matsayi.

Wanda ba shi da kuɗi ko intanet ɗinsa ba ta da tabbas, littafi na hannu, sautukan da aka sauke da katunan takarda ko Anki za su kai shi nesa. Abin da zai rasa shi ne mai gyara, sai ya nemi abokin musaya ɗaya mai naci.

Wanda yake fahimta amma baki ya ƙi buɗewa, kada ya sake sayen wani littafin nahawu. Malami kai da shi sau ɗaya ko biyu a mako, ko da na minti 30 ne, shi ne maganinsa. Wanda kuma yake magana amma kalmominsa ba su da yawa, littattafan mataki-mataki da kati ne nasa.

Mai tafiyar gaggawa ya haɗa darasin sauti da 'yan zama da malami kan abin da zai tarar: tashar jirgi, masauki, asibiti, tambayar hanya.

Mai neman takardar shaida don karatu ko aiki ya fara tambayar wace jarrabawa ake karɓa da kuma wane mataki, ko IELTS ce ko TOEFL na Turanci, DELF na Faransanci, DELE na Sifaniyanci, HSK na Sinanci ko JLPT na Japananci. Sannan ya sayi littafin shiri na bugun da ya dace da tsarin jarrabawar na yanzu, ya shiga aji ko ya ɗauki malamin da ya san yadda ake ba da maki a rubutu da magana. Ya kuma lura da lokacin zanawa: sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu ake karɓarsa, shaidar DELF kuwa ba ta ƙarewa, don haka mai IELTS kada ya zana tun takardun neman gurbinsa ba su kusa haɗuwa ba.